Filin Tambayoyinku: Ɗana yana damƙe fensir kamar muciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana shekararsa huɗu da wata uku, yana aji biyu na nazare. Malamarsu ta ce hannunsa bai faɗa ba, yana damƙe fensir kamar muciya, kuma da ya yi layi biyu sai ya ce ya gaji. Ga shi dogon hutu ya zo. Babansa ya ce a sa shi lesin, kullum ya cika shafi biyu na A B C. Ni kuma na ga 'yar maƙwabciyata tana shafa kala a littafi. Shin wannan zai taimaka, ko wasa ne kawai?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Wasa ne, amma irin wasan da hannunsa yake buƙata yanzu. Ki lallashi babansa a jinkirta shafi biyun nan.

Ƙarfin hannun yaro daga kafaɗa yake saukowa, ya zo gwiwar hannu, ya zo wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Yawancin yara suna iya kwaikwayon da'ira a shekara 3, layi biyu da suka gitta juna a shekara 4, alwatika kuwa, wato zane mai kusurwa uku, sai wajen shekara 5. To dubi harafin A, ai ɗan'uwan alwatika ne. Riƙon fensir da yatsu uku ma yakan zauna ne tsakanin shekara 4 zuwa 6. Ɗanki bai makara ba. In ya ce ya gaji, gaskiyarsa ce, da dukan hannu yake rubutun.

Na daɗe ina koyarwa a ajin ƙanana, kuma dabarar da ta fi yi mini aiki ba ta cin kuɗi da yawa. Ki sayi kalar nan mai kama da kyandir, ki kakkarya kowace ɗaya gida uku. Na san zai yi miki ciwo, sabuwa ce fil. Amma guntun da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ba ya damƙuwa a tafin hannu, dole yaro ya kama shi da babban yatsa da manuni da na tsakiya. Na yi wani ɗalibi da kan ɓoye hannayensa a ƙarƙashin tebur duk sanda na fito da littafin rubutu. Ranar da na manna masa kwali a bango na miƙa masa guntun jar kala, ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Malama, in na ɓata fa?" Na ce naka ne. Ya fito da harshe gefen baki, ya shafe kwalin nan tas, har aka tashi tara bai sani ba. Manna takarda a bango daidai fuskar yaro yana sa wuyan hannu ya ɗago, kafaɗa ta yi aiki.

Ba sai kin nemi littafi mai tsada ba. Ɗauki bayan tsohuwar kalanda ko kwalin taliya, ki zana masa abu babba da layi mai kauri: jinjirin wata, ragon layya, dokin hawan Sallah da adonsa. In a gidanku ba a son zanen mai rai, ga dagi, ga zanen hula, ga adon da ke jikin ƙofar fadar Zazzau, ku je ya gani da idonsa ku dawo ku zana. Fara da manyan gurabe, bayan mako biyu ki riƙa ƙanƙanta su. Minti goma sun isa, kuma ki tsayar tun bai gundura ba.

Roƙona ɗaya: in ya fita daga layi, ko ya yi wa rago koren fenti, ki bar shi. Kada ki kama hannunsa ki shafa masa, kada yayyensa su yi masa dariya. Ki ce ya ba ki labarin abin da ya zana, ki liƙa a inda babansa zai gani in ya dawo. In kuma kin ga hagu yake miƙawa, ki bar masa hagunsa a wajen zane da rubutu, tilasta wa bahago sauya hannu yana ƙara masa wahala ne kawai.

Sauran aikin yana madafarki. Ba shi ɗan curin kwaɓin cincin ya mulmula, ya tsinke miki zogale, ya ɓare gyaɗa, ya tsince wake, ya maƙala shanya da abin maƙalewa. Sai dai in akwai ƙaninsa da bai kai shekara 3 ba, ki sa ido kan wake da guntayen kalar, don baki da hanci suke kai su.

In hutu ya ƙare kika ga har yanzu ba ya iya kai cokali baki ba tare da zubarwa ba, ko yana barin hannu ɗaya kamar ba nasa ba, ko yana kai fuska dab da takarda, ki kai shi wajen likitan yara a duba hannun da idon. In ba haka ba, ki rubuto mini a watan Satumba in ji yadda ragon ya fito.