Amsa ga ƙanenmu da aka soke wa gyara a muƙalar Agege

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka shiga Wikipedia ta Hausa ka ƙara a muƙalar Agege cewa kakan kakanka ne madugun ayarin farko da ya sauka a zangon garin, har ka sa shekara. Wani edita ya cire, ka mayar, ya sake cirewa ya rubuta "babu manazarta". Wato ba littafi ko takardar da aka kafa hujja da ita. Kana tambaya ko raini ne, kuma wa za ka kai wa ƙara.

Kafin komai, kada ka mayar a karo na uku. A Wikipedia ta Turanci doka ce a rubuce: wanda ya soke gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, ko da shi ne mai gaskiya. Mu a ta Hausa ba mu da yawa, kusan kowa ya san sunan kowa, to da zarar an shaida ka da yaƙin gyara, ko gobe ka zo da hujja mai kyau sai an yi ta kallonka a karkace. Komai da ka rubuta yana nan a tarihin shafin, ba abin da ya ɓace, don haka ba gaggawar da za ta sa ka zubar da mutuncinka.

Raini kuwa, ban ga alamarsa ba. Da ni na fara cin karo da wannan jimlar, ni ma cirewa zan yi, sai dai zan bar maka saƙo mai ɗan laushi fiye da kalmomi biyun da ya bar maka. Mutumin bai ce kakanka ya yi ƙarya ba. Cewa ya yi ba shi da hanyar da zai bi ya duba. Ka tuna a Agege ba gidanku kaɗai ke da labarin "mu muka fara zuwa" ba. Ka zauna da dattawan wani gidan bayan la'asar, za su ba ka nasu madugun da tasu shekarar, kuma su ma daga bakin kakanni suka ji. Ga kuma Aworawa, wani reshen Yarbawa, waɗanda aka tarar a wurin, su ma da nasu bayanin yadda aka karɓi baƙi. In aka bar naka don ka rantse, da wane baki za a hana nasu? Kafin wata ya ƙare muƙalar ta zama filin gasar zuri'a.

Shekarun da na yi ina gyara muƙalun tarihi, rigingimun da na ga sun mutu da gaske ba a kashe su da gano mai gaskiya ba. Jimlar ake sauyawa. A daina cewa "abu kaza ya faru", a koma cewa "wane ya ce abu kaza ya faru, wane kuma ya ce a'a". Bari in ba ka misalin da kowa ya taɓa muƙalar Zazzau ya sani.

Sarauniya Amina. Tarihin Kano, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi. Wasu masana kuma, bisa jerin sarakunan Zazzau, sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, sun kai ta ƙarni na 16, har suna cewa ta hau mulki wajen 1576. Tazarar ta haura shekara ɗari. Na ga editoci biyu sun yi ta sauya shekarar a akwatin bayani na gefen muƙala, wannan ya sa tasa da dare, wancan ya wayi gari ya goge. Kowannensu yana da littafi a hannu, kuma ba wanda ya ƙirƙiro tasa. Ɗaya ɗan Zariya ne, yana jin kamar gadon gidansu ake taɓawa, ɗayan kuma ɗalibin tarihi ne da ya haddace abin da malaminsa ya koya masa. Sai wata baiwar Allah, wadda galibi gyaran ƙa'idar rubutu take yi, ta buɗe shafin tattaunawa ta tambaye su tambaya ɗaya: kowa ya kawo sunan littafinsa da lambar shafi. Da suka kawo, ta rubuta sakin layi guda ta jera maganganun biyu, kowace da mai ita, ta ce masana sun saɓa. Ba wanda ya ji daɗi sosai a cikinsu, amma ba wanda ya sake taɓa wurin. Mai karatu kuma ya ƙaru da abin da bai sani ba, cewa zamanin Amina kansa abin muhawara ne.

Haka ake yi da Bayajidda. Ba a rubuta cewa ya zo daga Bagadaza ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu kamar jiya aka yi a gaban 'yan jarida, ba a kuma rubuta cewa tatsuniya ce a wuce. Ana cewa ga abin da tarihin baka na Daura ya riƙe, ga kuma masana irin su Abdullahi Smith da suka nuna shakku kan cewa nan ne asalin daulolin Hausa.

Wasu na cewa wannan tsarin Turawa ne aka ɗora mana. Ban yarda ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun da Shehu al-Kanemi na Borno ya aiko yana ƙalubalantar hujjar jihadin a kan Borno, sannan ya kawo amsar ɓangarensu. Abokin jayayyarsa ne, ga yaƙi tsakaninsu, amma ya bar maganarsa a littafinsa. Saboda haka ne yau mai rubuta muƙalar jihadin 1804 yake iya nuna yadda Sakkwato ta ga abin da yadda Borno ta gan shi. Wanda ya yi zaman zaure ya ji malam yana cewa "a cikin mas'alar akwai ƙauli biyu" ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Rigimar da ta fi ba ni wahala kuwa ta nan Legas ce, kuma ta fi kama da taka, don ita ma zuciya ce a ciki. Rundunar sojan Najeriya tana danganta asalinta da ƙaramar rundunar da Gulob, jami'in sojan ruwan Ingila, ya kafa a Legas a 1863, shekara biyu bayan Ingila ta karɓe garin. Littattafai sun nuna cewa da yawa daga cikin mutanensa na farko bayi ne 'yan Arewa da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Wani edita, mutumin kirki mai ƙwazo, ya bi ya goge kalmar bayi duk inda ta fito. Ya rubuta a taƙaitaccen bayanin gyaransa cewa Bahaushe bai taɓa zama bawan kowa a Kudu ba, cin fuska ne. Na mayar sau ɗaya, na tafi shafin tattaunawa. Amsarsa ta farko ta cika allon wayata, rabinta da manyan baƙaƙe. Na bar shi ya kwana. Washegari ban taɓa zancen cin fuska ba, na jera masa abin da ke rubuce: yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa 'yan Arewa da yawa cikin bauta a Kudu, an yi lodin wasu daga tashar Legas zuwa Bahiya ta Birazil, inda Hausawa suka shirya tawaye tun 1807. Sai na tambaye shi me yake ganin muƙalar ta rasa. A nan ne ya buɗe: haushinsa shi ne an tsaya a kan bauta, ba a faɗi abin da mutanen suka zama ba. Kuma yana da gaskiya a wannan. Muka ƙara cewa sun bi Gulob yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, muka ƙara cewa a bakin Turawan lokacin "Hausa" ya haɗa har da Nufawa da Barebari da sauran masu jin harshen. Kalmar bayi ta zauna, muƙalar ta ninka tsawonta. Daga baya shi ne ma yake tsare wurin in wani sabo ya zo gogewa.

Yanzu in faɗa maka inda nake tare da kai. Dokar manazarta tana cutar da mu fiye da yadda take cutar da wasu. Baturen mulki da ya kwana uku a gari ya rubuta rahoto ta bakin tafinta, an buga, ya zama abin kafa hujja. Tsohon da aka haifa a garin, ya ji daga wanda ya gani da ido, shi ba a karɓar maganarsa don ba ta shiga ɗab'i ba. Wannan yana ci mini rai har yau, kuma ba mu kaɗai ke kuka da shi ba, editocin Afirka da na Indiya sun daɗe suna ta da maganar. Duk da haka na gwammace dokar da rashinta, saboda na ga abin da ke faruwa da muƙalun masarautu in aka yi sakaci: kowane gidan sarauta ya turo yaronsa ya goge sunan ɗaya gidan daga jerin sarakuna.

To me za ka yi? Ka shiga shafin tattaunawa na muƙalar, ba shafin mutumin ba, kuma ba WhatsApp ba. Ka yi sallama, ka kawo jimlar da ake jayayya a kanta, ka faɗi gaskiya cewa daga gida ka ji kuma zuri'arka ce. Wannan faɗin yana da muhimmanci, don rubutu a kan dangi abu ne da ake so mutum ya bayyana da bakinsa kafin a gano. Ka tambaye shi irin manazartar da zai karɓa, ka sa hannu a ƙarshen saƙon. Ka yi magana a kan jimlar, ban da "kai waye" ko "ai ba ɗan Agege ba ne". In kwanaki sun wuce bai amsa ba, ko kun kasa daidaitawa, ka nemi edita na uku da bai taɓa shiga maganar ba. Admin, wato editan da aka ba ikon kula da shafuka, shi ne na ƙarshe, kuma kada ka zaci alƙali ne. Yana iya kulle shafi ko toshe mai zagi, amma ba aikinsa ba ne ya yanke wanda ya fara sauka a Agege.

Abu biyu kada ka kusance su: buɗe asusu na biyu don ka goyi bayan kanka, da tara abokai su zo su yi maka "na goyi baya". Ana ganewa, kuma ba ƙidayar hannu ake yi ba, nauyin hujja ake dubawa.

Sai neman takarda, wanda shi ne ainihin aikin. Abin da za ka iya rubutawa yau ba tare da kowa ya taɓa ba yana da yawa. Da can fataken goro Gwanja suke zuwa ta ƙasa. A ƙarshen ƙarni na 19 goro ya fara shigowa Legas ta teku, sannan aka fara shuka irin na Gwanja a yankin Agege da sauran ƙasar Yarbawa. Layin dogo ya kai Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai jirgi ya karɓe aikin jaki, zangunan da ke bakin tasha suka cika. Paul Lovejoy da Babatunde Agiri sun yi rubutu a kan goro, Mahdi Adamu kuma a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma. Ka fara da waɗannan, ka gina wa muƙalar sashen da zai tsaya da ƙafarsa. Sunan kakanka kuwa, ka neme shi a kundayen digiri na sashen tarihi a Jami'ar Legas da ke Akoka da ta jihar da ke Ojo, don ɗalibai sukan yi hira da dattawan unguwanni su rubuta sunayensu. Akwai ɗakin karatu na ƙasa a Yaba, akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Ibadan da Kaduna, akwai Gidan Arewa, cibiyar tarihi da ke Kaduna. Sai dai takardar ma'ajiya ɗanya ce, an fi son abin da masani ya riga ya tace ya buga. In asusunka ya kai wata shida da gyara 500, kana iya samun shiga ɗakin karatun Wikipedia na intanet, inda ake karanta mujallun jami'o'i kyauta. Da yawa daga cikinmu ba su ma san da shi ba.

In ka bi duk wannan ba ka samu sunan ba, to labarin bai isa shiga Wikipedia ba tukuna, amma kada ka bar shi a baki. Ka ɗauki waya ka naɗi muryar tsofaffin gidanku tun suna raye, da izininsu, kowa ya faɗi sunansa da wanda ya ji daga gare shi. Ka je wani gidan ma ka naɗi nasu, ko da ya saɓa wa naku. Ka kai wa malamin tarihi ko ɗan jarida mai sha'awar irin wannan. Ranar da aka buga, sai a rubuta "a cewar zuri'ar wane", a sa manazarta. Shekarar da ka sa kuwa, ina zargin lissafi ne aka yi daga baya, domin tsofaffinmu da zamanin sarki ko shekarar fari ko zuwan jirgi suke auna lokaci. Ka sake tambaya a gida ka ji da me aka haɗa zuwan nasa, wannan zai fi lambar amfani.

In ka buɗe tattaunawar ka sanar da ni. Zan shigo, zan kuma rubuta a fili cewa kai ka kira ni don kada a ce mun haɗa baki. Sashen goro da layin dogo zan taya ka rubutawa, littafin Lovejoy yana wurina, kana iya zuwa Idi-Araba ranar Lahadi bayan azahar ka ɗauki hoton shafukan da kake buƙata. Maganar madugu da shekara dai, sai ka zo da takarda zan sa baki.