Amsa ga Hajiyar da tumatirinta ya ƙone bayan feshi biyu

Wa'alaikumussalam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce tumatirin da kika shuka a bayan gida a Rigasa ganyen ya yi fari-fari kamar takarda, 'ya'yan kuma ƙananan huji, kin yi feshi har sau biyu abin sai ƙaruwa yake. Toh dan Allah ki ajiye famfon feshin nan tukuna, a fara sanin waye ɓarawon.

Gobe da sassafe ki tsinko ganye ɗaya mai farin tabon ki ɗaga shi saitin rana. In kin hango 'yar tsutsa ƙarama a CIKIN ganyen, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, da baƙin kashinta kamar garin gawayi, to sharon ce, wadda malaman gona ke kira Tuta absoluta. Ni wallahi ko a mafarki na santa. A 2016 ina da fili a fadama bakin kogin Kaduna, cikin sati biyu gona ta koma kamar an bi ta da wuta, shekarar ce ma gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masu miya suka koma na gwangwani da busasshe. Asalinta daga Kudancin Amurka ta zo, uwar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, da dare take yawo tana zuba ƙwai, kuma in ana zafi cikin kamar wata guda an ƙyanƙyashe an girma an sake zuba wani. Shi ya sa feshinki bai ci ta ba, maganin yana kan ganye ita kuma tana ciki tana cin abinta hankali kwance.

Tunda naki lambun gida ne ba hekta ba, hannu ya fi komai. Duk ganyen da ya kamu ki cire, da 'ya'yan da suka huje, ki ƙona ko ki binne da zurfi, kar ki zubar a gindin shuka don a ƙasa ma tana kwanciya ta rikiɗe. Kullum, ba sau ɗaya ba. Sai ruwan dogonyaro: busassun 'ya'yan ki daka, ni cikin hannu ɗaya nake sawa a kowace lita ta ruwa, ya kwana a jiƙe, ki tace da tsumma, ki ɗan kaɗa sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye, ki fesa da yamma bayan la'asar har ƙasan ganyen, rana tana kashe ƙarfinsa. Duk bayan kwana 5 zuwa 7. Ba ya kashewa nan take fa, hana su ci yake yi, kar ki ce na yaudare ki. In abin ya fi ƙarfin haka ki nemi maganin feshi mai ɗauke da sinadarin emamektin a shagon maganin gona na gaskiya, ki karanta kwanakin da aka rubuta a jira kafin a tsinka, kuma kar a nace wa iri ɗaya don sharon saurin sabawa da magani gare ta. Ni an taɓa sayar min da wani a kasuwa kwalba ba ko takarda, kuɗina da tumatirin duk suka tafi. Sniper kuwa ko da wasa kar ki fesa, tumatirin abin da yara za su ci ne.

Amma in kin girgiza shukar kika ga wasu fararen ƙudaje mitsi-mitsi sun tashi, ganyen sama kuma ya nannaɗe ya yi rawaya, wannan farin ƙuda ne kuma ya riga ya sa mata cuta, wadda ta nannaɗe ba ta warkewa, tuge ta kawai ki ceci sauran. Ki yanka jarka ruwan ɗorawa ki shafe da baƙin mai ki rataye, suna son kalar sai su manne. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ita mai sauƙi ce, in kin ga tururuwa na hawa da sauka duba ƙasan ganye, ruwan sabulu ma ya ishe ta.

Af, in gindin tumatirin ne ya yi baƙi ya lotsa ba huji, wannan ba ƙwari ba ne, ban ruwa ne yau a cika gobe a manta.

Kuma in kina da gauta ko yalo kusa ki duba su, 'yan gida ɗaya ne da tumatir, sharon na tsallakawa. Ki turo mana hoton ƙasan ganyen da na tumatir ɗaya a yanke biyu, wanda kika sa ɗin daga nesa ne ban ga komai sosai ba.