Sunan magini a gindin kwano: me yake gaya wa mai tonon kufai?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a sashen tarihi. Malaminmu ya ce akwai wani rumbun bayanai a intanet da aka tara hatiman magina tukwanen Rumawa a cikinsa, wai masu tonon kufai a Turai ba sa raba kansu da shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tsingaro ne fa. In an karanta sunan wanda ya gina kwano, sai me?

Amsa: Malama, gaskiyar malaminku. Sai dai ba sunan ake bi ba, lokaci ake nema. Wannan rumbu agogo ne ga mai tono.

Kayan da ake magana a kansu su ne jajayen kwanuka da farantai na yumɓu masu sheƙi, waɗanda masana ke kira terra sigillata. An fara yin su da yawa a garin Arezzo na Italiya 'yan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga nan sana'ar ta koma La Graufesenque a kudancin Faransa a ƙarni na 1, sai Lezoux a tsakiyar Faransa a ƙarni na 2, sai Rheinzabern da Trier a Jamus. Tun yumɓu na ɗanye magini yake danna ɗan hatimi a cikin gindin kwanon. Wani lokaci suna ne kawai. Wani lokaci a haɗa da OF, wato "daga ma'aikatar wane", ko FECIT, wato "shi ya yi". A Arezzo akan ga sunan bawa tare da na ubangidansa a hatimi ɗaya, kuma a nan ne kaɗai tarihi ya riƙe sunan yawancin bayin nan.

Me ya sa suke sa suna? Ga dalili ɗaya da masana ke zato. A La Graufesenque an tono farantai da aka rubuta lissafin gashi a kansu, cikin Latin gauraye da harshen mutanen Gol, wato tsoffin mazauna Faransa: sunan magini, irin kwano, girmansa, da yawan da ya kawo. Magina da dama ne ke haɗa kaya a tanderu guda, gashi ɗaya kuwa yakan haura kwano 25,000. In ba alama, ranar kwashe kaya rigima ce.

To, yaya suna ke zama agogo? Akwai wuraren da muka san shekarar da rayuwa ta tsaya a cikinsu. Dutse mai aman wuta ya binne garin Pompeii na Italiya a shekara ta 79 miladiyya, kuma a wani gida a can an sami akwati da ba a kai ga kwashe shi ba, ɗauke da kwano 90 na kudancin Faransa da fitilu 37. Duk maginin da sunansa ke cikin akwatin nan, yana kan aiki dab da shekarar. A Colchester ta Ingila, shagunan sayar da irin kwanukan sun ƙone a tawayen da Sarauniya Boudica ta yi wa Rumawa, a shekara ta 60 ko 61. Kowane wuri irin wannan turke ne da ake ɗaure sunaye a jikinsa. Da zarar an ɗaure suna, duk inda ya sake ɓullowa, ko a ƙauyen da babu littafin da ya taɓa ambatonsa, zai ja shekarunsa ya tafi da su can. Sau da yawa akan ƙayyade zamanin magini cikin tazarar shekara 20 zuwa 30. A harkar tonon kufai wannan ba ƙaramin daidaito ba ne.

Ga inda aikin yake da wuya, kuma nan nake so ki tsaya ki lura. Suna kaɗai yakan yaudari mutum. Kamar yadda za ki sami Musa goma a unguwa ɗaya, haka Rumawa suke da Vitalis da yawa, wani a La Graufesenque, wani a wani gari bayan shekaru masu tsawo. Shi ya sa ake sa musu lamba, Vitalis na ɗaya, na biyu, na uku. Sannan magini ɗaya yakan yi amfani da hatimi iri-iri a tsawon rayuwarsa. Saboda haka abin da ake tantancewa shi ne ainihin hatimin da aka danna: tsayinsa, siffar haruffansa, harafin da ya juya baya, ɗigon da ke tsakani. Har in bakin hatimi ya guntule aka ci gaba da aiki da shi, ana rubuta wannan daban, domin kwanon da ya fito da guntun hatimi ƙane ne ga wanda ya fito da cikakke. Ni a wurina wannan ne abu mafi daɗi a fannin gaba ɗaya.

Shi rumbun ba daga sama ya faɗo ba. Brian Hartley da Brenda Dickinson na Jami'ar Leeds sun kwashe kimanin shekara 40 suna bin gidajen tarihi, suna kwafe hatimai a takarda. Hartley ya rasu a 2005, bai ga fitowar aikin ba. An buga shi a juzu'i 9 tsakanin 2008 da 2012 da sunan Names on Terra Sigillata, ɗauke da sunaye fiye da 5,000 da hatimai wajen 300,000. Cibiyar binciken kayan tarihi da ke Mainz a Jamus ce ta zuba bayanan a intanet. Hatiman maginan Italiya kuwa August Oxé da Howard Comfort suka tattara, aka buga a 1968, Philip Kenrick ya sabunta shi a 2000 tare da faifan kwamfuta. Tulunan man zaitun su ma suna da nasu rumbun a Jami'ar Barcelona.

Ga abin da kwamfuta ta ƙara: da wuya a sami hatimi cikakke a ƙasa. Haruffa uku ne za su rage a tsakiyar suna. A littafi mai bin jerin haruffa, wanda ba shi da farkon suna ya shiga uku. A rumbun, ki rubuta ukun nan, ki faɗi siffar kwanon, sai ya fito miki da waɗanda ake zato, ki gwada zanensu da na hannunki. Kuma cikin ƙiftawar ido zai zana miki taswirar duk inda aka sami kayan magini ɗaya, ki ga hanyar fatauci tana bin kogin Rhone da na Rhine zuwa sansanonin soja.

Amma ki yi hattara da taswirar. Tana nuna inda aka yi tono aka kuma rubuta, ba lallai inda kaya suka fi yawa ba. Ingila da Jamus sun cika da ɗigo saboda an daɗe ana aiki a can. Kayan Italiya sun kai har Arikamedu a gaɓar Indiya, inda masanin tonon kufai Mortimer Wheeler ya yi tono a 1945, kuma an sami kayan yumɓun Rumawa a kaburburan Garamantawa, tsoffin mazauna yankin Fezzan na Libiya, amma irin waɗannan wurare ɗigonsu tsiraru ne. Haka kuma hatimi yana faɗin lokacin da aka gina kwano ne kawai. Kwano mai kyau yakan daɗe a gida, har an sami waɗanda suka fashe aka ɗinke su da dalma. Don haka in kin ga hatimin shekara ta 70 a ƙarƙashin daɓen ɗaki, abin da za ki rubuta shi ne an yi daɓen a shekarar ko bayanta.