Bakwainina na da ƙaba: a yi aiki yanzu ko a jira?

Tambaya: Na haifi ɗana a wata bakwai, ya yi sati biyar a kwalba. Yanzu in ya yi kuka sai ƙullutu ya fito a matsematsinsa na dama, in ya yi barci ya koma. Likita ya ce ƙaba ce, sai an yi aiki. Surukata kuma ta ce a sayo ɗamara a kemis a ɗaure wurin. Ina mafita? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya shi. Kuɗin ɗamarar nan ki adana su. Ki lallaɓa Hajiya, wataƙila da ƙabar cibiya take kwatantawa, wadda takan koma da kanta kafin yaro ya kai shekara biyar. Ta matsematsi daban ce. Akwai wata 'yar hanya da 'ya'yan maraina ke bi su sauko a watannin ƙarshe na ciki, sannan ta rufe. Bakwaini yakan iso duniya ba ta rufe ba, sai hanji ya riƙa leƙowa ta nan. Ɗauri ba ya rufe ta, sai tiyata.

Lokacin aikin ne abin shawara. Bakwaini kan yi ɗauke numfashi bayan maganin barci, shi ya sa ake kwantar da shi a sa masa ido ko da aikin ya yi kyau. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2024 ya nuna matsala mai tsanani ta samu kashi 28 cikin ɗari na jarirai bakwaini da aka yi wa aikin ƙaba kafin a sallame su daga asibiti, da kashi 18 na waɗanda aka jinkirta wa har suka wuce sati 55, lissafi daga farkon ciki. Amma fa jira na wanda asibiti ke kusa da shi ne, kuma likitan tiyatar yara ne zai sa rana. Ki nemi ganinsa a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo. In kun zaɓi asibitin kuɗi, kafin ki tambayi farashi ki tambaya: wa zai ba shi maganin barci, ya saba da jarirai? Akwai na'urar lura da numfashi da dare?

Duk sanda kike canza masa kunzugu ki duba wurin. In ƙullutun ya yi tauri ko ja, ya ƙi komawa, yaro na tsala kuka, ya ƙi nono, ko yana amai kore, hanji ya maƙale ke nan. Kada ki matsa da ƙarfi, kada ki jira gari ya waye. Ko ƙarfe biyun dare ne, ki goya shi ku nufi asibiti.