Jefi ɗaya ba ya tayar da birni

Tambaya: Malam, ni ne jagoran wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur na labari da ake yi da jefin ɗan lido) a fadarmu ta Bukoki, nan Yamai. A cikin labarin wasan, ƴan wasana sun shiga gidan wani attajiri da dare domin su sato wasiƙa, ɗayansu ya faɗi a jefin sanɗa (jefin ɗan lido da ke nuna ko an ji motsinsa), sai na tashi dogarai duka, na ce an san fuskokinsu a birni. Tun ranar sun daina sanɗa, ƙofa kawai suke fasawa. Ina tsoron na kashe wasan. Yaya zan riƙa lissafin ƙaurin sunansu?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka kashe wasa ba, amma ka haɗa abubuwa biyu da ba sa tafiya tare: shakkar mai gadi a daren, da ƙaurin suna bayan gari ya waye.

Kusan kowane mako sai na ji wannan kuskure, kuma masu bidiyon intanet da ke cewa jagora nagari shi ne mai hukunta ƴan wasa suna cikin masu yaɗa shi. Ka duba lissafin. Idan mutum biyar za su jefa ɗan lido mai fuska 20 a kowane lungu, ko ba jima ko ba daɗe wani zai faɗi, don haka ka yanke musu hukunci tun kafin su haura katanga. Sun gane haka, shi ya sa suka koma fasa ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Ko dokar wasan ta bugun 2014 ta tanadi jefin ƙungiya, inda rabi suka ci, kowa ya ci. Mai gadin da ya ji motsi zai ɗaga fitila ne, ya ce wataƙila kyanwa ce, ba zai ruga fadar sarki ba.

Domin daren, ka jera marafen kwalba shida kusa da butar shayi inda kowa ke gani. Kowace faɗuwa ka kife ɗaya, sai na shida a yi kururuwa.

Ƙaurin suna kuwa sai da shaida. Bayan aiki ka tambayi kanka wa ya gan su, me ya gani, wa zai faɗa wa. Wani wasan irin wannan, Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017, yana ba da maki 0 ga aikin da aka yi shiru, 2, 4 ko 6 gwargwadon hayaniya, da ƙarin 2 idan an yi kisa. Da sun kai 9 sai hukuma ta ƙara matsa nemansu. Ka ari wannan. A maki kaɗan mai masauki ya ƙara musu kuɗin ɗaki, a tsakiya mai shela ya kwatanta tsayinsu a kasuwa. Ka kuma bar musu hanyar rage makin, ko da toshiyar baki ce ga dogarin da ya ga fuskar ɗayansu.