Lambar Gurbi Ba a Gadonta

Ka ce a fayil ɗin .proto, inda ake tsara guraben saƙon Protocol Buffers kowanne da sunansa da lambarsa, akwai gurbin da ba a amfani da shi, kana so ka goge shi ka bai wa sabon gurbi lambarsa don jerin ya yi kyau a ido. Kul, yaro. Ku 'yan zamanin nan kun fi damuwa da kyan jeri a kan abin da ke bin waya.

Protocol Buffers, tsarin ɗaure bayanan da manhajoji ke aika wa juna, tun da Google ya sake shi a 2008, ba ya aika sunan gurbi idan saƙo ya fita a sigarsa ta baiti. Lamba kawai yake aikawa da nau'in ɗaurin bayanin. Suna naka ne da abokan aikinka, lamba ita ce alkawarin da ka ɗauka wa duk manhajar da ke hannun jama'a.

Wani kamfanin sayar da kaya ya yi wannan gangancin. Gurbi na 7 a saƙon oda shi ne ragin farashi, nau'insa int32, wato cikakkiyar lamba. Suka daina ragi, wani mai rawar kai ya goge layin, ya sa yawan kaya a lamba 7, shi ma int32. Gwaji ya wuce lami lafiya, don sabuwar manhaja da sabuwar saba, wato kwamfutar da ke karɓar oda, bakinsu ɗaya. Amma mutane ba sa sabunta manhaja ranar da ka so. Tsofaffin wayoyi suka ci gaba da aiko ragi a lamba 7, saba tana karanta shi a matsayin yawan kaya. Mai ragin 15 sai a ɗaure masa kaya 15. Babu kuskure ko ɗaya a rajista, tunda duka biyun varint ne, wato ɗaurinsu iri ɗaya ne, na'ura ba ta ga abin ƙi ba. Sai da ma'ajiya ta fara yashewa aka farga. Aka kwana ana gyara, daga baya mai kamfanin ya murje ido ya ce ai gyara ba sabon aiki ba ne, ya hana masu gyaran haƙƙinsu. Har yau abin yana ci mini rai.

Goge layin in ka ga dama, amma ka rubuta reserved 7 don kada wani ya sake ɗaukar lambar, ka kuma killace tsohon sunan, don JSON, sigar saƙo ta rubutu, da suna yake tafiya. Sabon gurbi ya ɗauki sabuwar lamba. Daga 1 zuwa 15 baiti ɗaya alamarsu ke ci, daga 16 zuwa 2047 biyu, saboda haka ka ajiye ƙananan wa guraben da ke cikin kowane saƙo. Kada ka taɓa 19000 zuwa 19999, an ware su.

Tambayarka kan yadda ake kiran protoc kuwa, manhajar da ke fassara fayil ɗin .proto, kada ka ɓata mini lokaci. Ka dai sa buf breaking, mai gano canjin da zai karya tsofaffin manhajoji, ya riƙa gwada fayil ɗinka da na babban reshen aikinku kafin a haɗe su, sannan ka kawo mini in duba da idona.