Hukuncin koyar da yara labarin dinaso

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Damagaram, a littafin da muke koyarwa akwai darasin dinaso, wasu manyan dabbobi na zamanin da, wai sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Maigidana ya ce ƙaryata addini ne tunda duniya shekara 7000 ce kacal. Ina koyarwa ne dai zuciyata ba daɗi saboda albashi. Meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Koyar da shi halal ne, Allah da kansa ya ce mu yi tafiya a ƙasa mu duba yadda ya fari halitta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne cewarki "saboda albashi". Malama, in har kina ganin abu saɓo ne kuma kika ci gaba da shi don kuɗi, to nan matsalar take ko da abin halal ne. Ki gyara wannan tukuna.

Maganar shekara 7000 kuwa ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba, Ibnul Ƙayyim ya lissafa ta cikin hadisan ƙarya, hujjarsa kuma mai ƙarfi ce, don in an san shekarun duniya gaba ɗaya ai kowa zai iya lissafa ranar tashin alƙiyama, alhali Alƙur'ani ya ce Allah kaɗai ya san ta. Ibn Hazm ma ya ce mu Musulmi ba mu yanke wani adadi ba. Masu kafa hujja da kwana shida na halittar sammai da ƙasa su duba Suratul Hajji, yini ɗaya kamar shekara 1000, a Ma'arij kuma 50,000. Toh da wane yini suka yi lissafin?

Ƙasusuwan dinaso fa ba tatsuniya ba ne, a Gadufawa cikin hamadar Tenere ta Nijar an tono su, akwai su a gidan tarihi na Yamai. Masana sun ce wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ne ya faɗo daga sama a Yukatan ta Meziko, ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'in halittu suka tafi, har da dinaso. Ki faɗa wa yara wannan sababi ne, mai hukuntawa Allah. Kar kuma ki ce dutsen ne ya kashe na Gadufawa, su sun riga shi da miliyoyin shekaru.

Inda za ki yi hattara shi ne in darasin ya gangaro kan asalin ɗan Adam, nan akwai nassi, Annabi Adamu daga ƙasa aka halicce shi.

Maigida kuma kar ki kai masa wannan amsa kamar kin ci nasara a kansa, kishin addini ne ya sa shi magana. Ki bari sai ya huta ya ci abinci, ku karanta tare. Wallahu a'alam.